Allura ta farko lafiya lau, ta biyu ta kada rago

Mai Turka Bagalam: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. Balamin da nake turka don layya ya fara tari da majina, sai na kira wani yaro da ke yawo da jakar magani a unguwa, ya yi mishi allurar penisilin haɗe da bitamin cikin sirinji guda. Wancan karon ba abin da ya faru, rago ya warware ya koma kan harawarshi. Da tarin ya dawo na sake kiran yaron jiya da hantsi. Kwalba ita ce dai, wuri shi ne dai, a wuya. Bai ko gama wanke sirinjin ba rago ya kama rawar jiki, gashi ya miƙe, ya buɗe baki yana jan numfashi da ƙyar, miyau na dalala. Fatar idonshi ta kumbura har ba ka ganin ƙwayar. Ya durƙusa, ya kife. Maƙwabcina ya ce a kawo wuƙa, muka yanka. Ragon da aka taya jaka 180 na ƙi sallamawa. Yaron ya ce ba ruwanshi, ni kuma na ce sai ya biya. Ku gaya mini tsakani da Allah, laifin wa?

Hajiya Mai Jajayen Awaki: Inna lillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Alhaji.

Ɗan Kasuwa Ɗan Isa: Jabun magani ne, ba wata magana. Kwalaben da ake shanyawa a rana ranar kasuwa kun san su. Ka riƙe kwalbar, kar ka bari ya tafi da ita.

Baba na Tibiri: Ɗana, sannu da hasara. Amma rago mai jaka 180 da kowa ka wucewa shina leƙe, ka yi tunanin baki kuwa? Mu da munka tashi ba a ɗaure irin wannan rago a zaure.

Ɗan Fawa: Alhaji da kuka fede me kuka gani a huhu? Wannan nake son ji kafin a yi maganar biya.

Mai Turka Bagalam: Huhun ya yi nauyi, bai sace ba kamar yadda aka saba. Da muka tsaga maƙogwaro kumfa ce fara cike har baki, da ɗan jirwayen jini. Hanta lafiya lau, ba tsutsa ko ɗaya.

Lokotoron Dabbobi: Wa alaikumus salam. Alhaji sannu, Allah ya musanya. Abin da ka zayyana, daga kumburin ido zuwa kumfar maƙogwaro, da kuma faɗuwa cikin ƴan mintoci a allura ta biyu, hoton borin jini mai tsanani ne, wanda muke kira anafilaksi. Inda jama'a ke ruɗewa shi ne sukan ce ai an taɓa yi mishi bai yi komai ba. To wancan karon na farko shi ne ya shirya na biyu.

Ga yadda abin ke tafiya. Ranar da maganin ya fara shiga, garkuwar jikin ragon ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, ta ƙera wasu ƙwayoyin kariya da ake kira IgE, waɗanda ba su gane komai sai shi. Ƙirar takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ranar ba ka ga komai ba. Daga nan IgE ɗin su je su manne a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata da huhu da hanji, cike da wani sinadari mai suna histamin da ƴan uwansa. Suna nan suna jira. Da maganin ya dawo sai duk su fashe lokaci guda. Histamin ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwan jini ya tsiyaye cikin nama, hanyoyin iska su tsuke, bugun jini ya faɗi. Kamar mai gadi ne ya hangi ɓera a rumbu ya cinna wa rumbun wuta.

A saniya da tunkiya da akuya, huhu ne ke ɗaukar dukan, shi ya sa kumfar. A kare hanta ce, jini ya taru a cikinta, sai ka ga amai da zawo da dasashi fari fat. Doki kuma huhu da hanji.

Ɗan Kasuwa Ɗan Isa: Lokotoro, kana nufin maganin ba jabu ba ne kenan?

Lokotoron Dabbobi: Magani na gaske, daga firigo, da kwanan watansa daidai, yana iya yin haka. Jabu da wanda rana ta dafa matsalarsu daban, galibi ba sa warkarwa ne. Ka yi wa raguna da yawa allura daga kwalba guda, duk su tashi lafiya, guda ya faɗi. Jikinsa ne ya bambanta da na sauran.

Mai Turka Bagalam: To kenan in yi shiru in rungumi ƙaddara? Shi ya tafi da kuɗin allurarshi ni in kwana da fata?

Mai Allura na Dakoro: Bari in sa baki, don ni ma wannan sana'ar nake ci, sai dai ni an horar da ni kuma ina ƙarƙashin likitan dabbobi mai zaman kansa. Ba wanda zai kalli rago ya san jininsa zai yi bori. Idan duk dabbar da ta faɗi mai allura zai biya, wallahi gobe ba wanda zai taka ƙauye. Kuma masu dabbobin su ne ke matsa mana. Ka ce tari ne na ƙura a ba shi ruwa da inuwa, mai rago ya ce ka raina shi, sai ya ga allura ta shiga hankalinsa ke kwanciya.

Lokotoron Dabbobi: Ƙanena na Dakoro, rabin maganarka na yarda. Jinin ragon ba laifin yaron ba ne. Amma ina da tambayoyi gare shi. Me ya sa ya gauraya penisilin da bitamin cikin sirinji guda? Yanzu ko ni ba zan iya ware wanda ya tayar da borin ba, domin bitamin B1 ma an san shi da wannan hali. Ya ja sirinjin baya ya duba ko jini ya shigo kafin ya tura? Penisilin mai farin ruwa yana ɗauke da wani sinadari mai suna prokayin, idan ya faɗa jijiyar jini dabba kan zabura ta yi ta harbe-harbe ta faɗi, kuma wannan ba alerji ba ne, wato borin jini, kuskuren hannu ne. Masu dawaki sun san shi. Sannan babbar tambaya: ina adirenalin a jakarsa? Wanda zai soka wa dabbar mutane allura ba tare da ƴar kwalbar adirenalin a aljihu ba, a wurina bai gama shiri ba. Shi ne kaɗai ke buɗe hanyar iska ya ɗaga bugun jini cikin mintoci. Ba na cewa lalle da ragon ya tashi, amma da an gwada.

Baba na Tibiri: To ga hanya nan. Ku tahi wurin mai unguwa, yaro shi ɗauki wani abu, Alhaji shi yahe saura. Ba a kai ɗan unguwa komisariya don rago. Ni da ina wurin da na ɗura mai manja da ruwan tsamiya, mun sha tada bisa da su.

Lokotoron Dabbobi: Baba, ranka ya daɗe, maganar mai unguwa na bi ka. Ta ɗura kuwa a yi haƙuri. Dabbar da ke kokawa da numfashi ba ta iya haɗiya, abin da ka zuba huhu zai nufa. Ko ta tsallake borin, ciwon huhun da manjan zai haddasa shi zai kashe ta bayan kwana kaɗan. A miƙe mata wuya, a kai ta inuwa, a bar ta kan ƙirjinta kar ta kwanta ta gefe, a kira mai adirenalin.

Baba na Tibiri: Waɗanda munka ɗura ma sunka tashi hwa?

Lokotoron Dabbobi: Akwai ƙaramin bori, Baba. Fata ta yi rudu-rudu, fuska ta ɗan kumbura, dabba ta yi ta susa, numfashi kuwa lafiya lau. Wannan da manja da ba manja yakan sauka da kansa cikin yini ko biyu. Shi ne manja ke karɓar yabonsa.

Ɗan Fawa: Ni tambayata naman. An raba ko an ci?

Mai Turka Bagalam: Yana firigon wani ɗan uwana. Na yi niyyar kai wa masu kilishi ko zan rage zafi.

Lokotoron Dabbobi: Kar ka kai, Alhaji. Maganin da aka tura mintoci kafin yanka yana nan a jiki, ballantana naman wuya. A jikin kowace kwalba akwai kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono, na allurai masu daɗewa a jiki yakan kai mako uku zuwa huɗu. Kuma akwai mutanen da jininsu ba ya jituwa da penisilin kamar yadda na ragonka bai jitu ba. Wanda zai sayi kilishin a tasha bai san tarihinsa ba. Masu turka ku riƙe wannan tunda layya ta matso: ku ƙirga kwanaki kafin ku yi wa rago allurar ƙarshe.

Hajiya Mai Jajayen Awaki: Ni dai na tsorata. Bana in masu rigakafi suka zo Jiratawa, awakina suna ɗaki a kulle. Jar akuya mai haifa mini biyu-biyu ba zan miƙa ta a soke ta ta faɗi ba.

Mai Allura na Dakoro: Haba Hajiya. Kin san abin da PPR, annobar awaki da tumaki, ke yi wa garke kuwa? Zawo, majina, baki ya yi gyambo, ƴan awaki su yi ta zubewa. Rigakafinta allura guda ce, kuma tana tsare akuya shekaru. Ki kawo su, ki dai tsaya rabin sa'a a wurin kafin ki kora su gida, don idan wata za ta yi bori cikin wannan lokacin za ta yi, muna kusa.

Hajiya Mai Jajayen Awaki: Kai ɗana ka faɗi naka. Bara ƙanin maigidana ya kai shanu rigakafin huhu, guda ta kumbura daga kafaɗa har ƙirji, kamar an hura ta. Da idona na gani.

Lokotoron Dabbobi: Hajiya, a ranar ta kumbura ko daga baya?

Hajiya Mai Jajayen Awaki: Daga baya sosai. Har an manta da allurar.

Lokotoron Dabbobi: To wannan wani abu ne daban da na ragon Alhaji. Rigakafin ciwon huhun shanu da ake yi a ƙasashenmu ƙwayar cutar ce da ranta, aka raunana ta. A wasu shanu ƙalilan takan yi ƙarfi a inda aka soka, bayan mako biyu zuwa uku wurin ya yi zafi ya kumbura ya riƙa yaɗuwa. Ana kiransa kumburin Willems, da sunan wani likita ɗan Beljiyam da ya yi aikin rigakafin wannan cuta wajen 1850. An fi ganinsa a shanun da ba a taɓa yi musu ba, ko idan allurar ta zarce fata ta shiga tsoka. Yana jin magani idan an kira mu da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta ake yi, adirenalin ba shi da aiki a nan. Shi ya sa kullum tambayata ta farko ita ce yaushe abin ya fara. Mintoci, awoyi, kwana uku, ko makonni, kowanne da inda ya dosa.

Baba na Tibiri: Hajiya, a nan kam ina bayan lokotoro. Ke ba ki ga bushiya ba. Mu mun ga garke ya kwanta tas, Bafillace shina kuka da sanda a hannu. Allura ta kore ta. Kai awakinki.

Ƴar Jami'ar Ɗan Dikko: Gaskiya ne Baba, a 2011 aka shelanta an kawar da bushiya daga duniya, PPR kuma ana harin 2030. Lokotoro ka ba ni dama in ƙara wani abu da muka karanta. A kan dabba aka fara gano wannan borin jini na anafilaksi, ba a kan mutum ba. A 1902 wasu masana biyu ƴan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, suna neman yadda za su yi wa karnuka rigakafin dafin wata halittar teku. Sun yi zaton idan kare ya sha ɗan kaɗan ya tsira, karo na biyu zai fi juriya. Sai suka ga akasin haka: karen da ya tsallake allurar farko, da aka ba shi ɗan mitsitsi bayan ƴan makonni, ya faɗi ya mutu kafin sa'a ta cika. Richet ya sami kyautar Nobel a 1913 saboda wannan. Su kansu IgE ɗin ba a gano su ba sai wajen 1966. A 1963 kuma Gell da Coombs a Ingila suka kasa wuce-gona-da-irin garkuwar jiki gida huɗu, na ragon Alhaji shi ne na farko.

Ɗan Kasuwa Ɗan Isa: Kun ji ko, karnukan Turawa. Ni tun da nake ban taɓa jin jakin Bagobiri ya yi alerji ba. Ciwon dabbobin da ake wa wanka da sabulu ne.

Mai Doki Maradawa: Malam, zo gidanmu ka ga doki. Kowace shekara da ruwa ya sauka, ɗaya daga cikin dawakinmu sai ya kama goga geza da gindin wutsiya a jikin turke da bango, har gashin ya kakkarye, fata ta yi kauri ta tsattsage tana jini. Sauran da ke barga guda da shi ba abin da ke samunsu. Sanyi na shigowa ya warke, gezar ta tsiro. An ce ƙazuwa ce, mun yi allurar ƙazuwa, mun shafa man juye, ba canji. Hawan sallar bara ma ba a hau shi ba don kunya.

Lokotoron Dabbobi: Ka riga ka faɗi amsar da bakinka: da damina yake zuwa, da sanyi ya tafi, kuma doki guda yake kamawa. Ƙazuwa ba ta zaɓe haka, tana bin barga. Wannan yawun ƙyashi ne jikinsa ya ƙi. Duk dawakin ana cizonsu, shi kaɗai ya ƙera IgE a kai. Ƙyashin nan a laka da danshin kashin dabbobi yake haihuwa, yana fitowa da magariba da asuba, kuma ba shi da ƙarfin tashi cikin iska. Don haka aikin ba na allura ba ne sosai. Ka shigar da shi tun la'asar sakaliya, kar ka fito da shi sai rana ta ɗaga. Gidan sauro na mutane ramukansa sun yi wa ƙyashi faɗi, sai mai ƙananan ido ko wanda aka jiƙa da magani. In akwai wuta ka kunna masa fanka. Ka kwashe juji daga bakin barga, kuma kar a ɗaure shi kusa da gulbi. Man juye kuwa ka daina, ƙona fatar yake ƙara yi. Ka fara tsarin tun kafin ruwan farko, domin idan susa ta kankama wuyar tsayarwa gare ta.

Haka karen farauta da ƙuma. Wani kare ƙuma cike da jikinsa yana barcinsa, wani cizo kaɗan zai sa ya cinye gashin bayansa.

Amma ɗan kasuwa, maganarka ba ta faɗi ƙasa duka ba. Wannan makamin na IgE asalinsa don tsutsa da kaska yake. Shanunmu masu tozo sun fi na Turai jure kaska, kuma daga cikin dalilan akwai cewa fatarsu kan yi ɗan bori a inda kaskar ta kafa baki, wurin ya yi ƙaiƙayi ya yi ruwa, saniya ta lashe ko kaskar ta kasa sha ta faɗi. A tumaki ma an daɗe da lura cewa idan sabon ruwa ya sauka suka kwashi sababbin ƴaƴan tsutsar nan mai shan jini a ciki, wani lokaci cikin kan yi bori ya koro har tsofaffin da ke maƙale. Dabbobinmu suna da shi sarai, galibi yana da aikin yi ne.

Mai Doki Maradawa: Na gode lokotoro. Tunda an zo nan, wani kawuna a Madarunfa ya haɗa goɗiya da jaki don ya sami alfadari. An haife shi garau, ya miƙe ya sha nono. Kwana biyu idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ja, ya kwanta bai tashi ba. Tsofaffi suka ce dakashi ne ya kashe shi.

Lokotoron Dabbobi: A wannan karon tsofaffin sun dace. Wannan shi ne kashi na biyu a lissafin ƙanwata ta jami'a. Ɗan ya gaji irin jinin ubansa, jikin uwar ya ɗauki wannan jinin baƙo ya ƙera masa ƙwayoyin kariya. A goɗiya ba sa ratsa mahaifa, shi ya sa ake haihuwarsa lafiya. Cikin dakashi suke taruwa. Yana sha su shiga jininsa su riƙa fasa jajayen ƙwayoyin jini, sai shawara da jan fitsari. An fi ganinsa a alfadari domin jinin jaki yana da wata alama da doki ba shi da ita. Goɗiyar da ta taɓa yin haka, haihuwa ta gaba a sa wa ɗan takunkumi na awa 24 zuwa 36, a riƙa tatse ta ana zubarwa, a ba shi dakashin wata goɗiyar. Bayan nan hanjinsa ya rufe, ba ya ƙara tsotse su, sai ya koma nonon uwarsa.

Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya je ya hana ɗan akuya ko ɗan maraƙi dakashi. Su da shi suke samun kariyarsu gaba ɗaya, wanda bai sha a yinin farko ba da wuya ya kai yaye. Magana ce ta goɗiyar da aka riga aka sani.

Hajiya Mai Jajayen Awaki: To ni tumakin kishiyata fa? Farare ne tas. Da farkon damina kunnuwansu da fuska suka kumbura, fata ta yi ta saɓulewa, suna gudun rana suna cusa kai ƙarƙashin rumbu. Nawa jajayen da ke kiwo tare da su ko gezau.

Lokotoron Dabbobi: Wannan ba alerji ba ne Hajiya, ko da yake ya yi kama. Ki duba inda suke kiwo ko akwai tsidau, musamman sabon tsiro da ya yi yaushi bayan ruwa ya ɗauke. Yakan taɓa hanta, hantar ta kasa fitar da wani abu da ke fitowa daga koren ciyawa, ya taru a jini, rana ta same shi a farar fata ta ƙone ta. Fata mai duhu takan kare. A tsare su a inuwa, a canza musu abinci, a duba idonsu ko ya yi ɗorawa.

Abubuwan da ake kawo mini da sunan borin jini alhali ba shi ba ne suna da yawa. Kumburi mai sanyi a ƙarƙashin haɓa tsutsar ciki ce ko ta hanta ta shanye jini. Kirci ƙwayar cuta ce. Saniyar da ta faɗa gyauron dawa ta mutu nan take guba ce ta kashe ta. Saran maciji ma haka.

Ɗan Fawa: Masu ajiye harawa a kan soro fa? Na ga tana yin baƙi idan ruwa ya taɓa ta.

Lokotoron Dabbobi: Wannan kam borin garkuwar jiki ne. Harawar da aka ɗaure da danshi takan yi zafi a tsakiya ta yi funfuna, kana kwance damin ka ga ƙura fara ta tashi. Dabbar da ke shaƙarta kullum a ɗaki marar iska takan kama tari marar jin magani, doki ya riƙa tura numfashi da ciki. Penisilin ba ya yi masa komai. A fitar da dabbar fili, a zubar da wadda ta ruɓe, mai ƙura kawai a yayyafa mata ruwa kafin a zuba. Mai kwance damin ma ya rufe hanci, mutane na kamuwa.

Ƴar Jami'ar Ɗan Dikko: Kashi na huɗu a lissafin Gell da Coombs kuma mu muke amfani da shi da gangan. Gwajin tarin fuka a shanu: a aske wuya, a auna kaurin fata, a sa ɗigon tubakulin, ruwan gwajin da ake samu daga ƙwayar cutar, cikin fatar, a dawo bayan awa 72. Idan jikin ya taɓa haɗuwa da cutar wurin zai yi tauri ya kumbura. Yana jinkiri ne don ƙwayoyin halitta ne ke tattaki zuwa wurin, ba histamin ba.

Ɗan Kasuwa Ɗan Isa: Duk na ji. Ni dai deksa, allurar nan mai sauke kumburi, nake ajiyewa, kowane kumburi shi nake yi, kuma yana sauka.

Lokotoron Dabbobi: Yana sauka, amma deksa a hankali yake aiki, sai bayan awoyi. Dabbar da ke shaƙewa ba ta da awoyi, adirenalin ne farko, deksa da maganin histamin su biyo baya. Kuma ka kiyayi mai ciki. Deksa yana sa akuya da tunkiya da saniya su zubar idan cikin ya tsufa. Yana kuma kwantar da garkuwar jiki, idan kumburin na ƙwayar cuta ne ka buɗe mata ƙofa. Masu yi wa ragon turka don ya yi ɓul-ɓul ranar kasuwa, ruwa ne kuke sayar wa mutane.

Hajiya Mai Jajayen Awaki: Ashe! Shi ya sa.

Shugaban Zaure: Jama'a, shawara. Mu da ke cikin gari mu haɗa kuɗi kowace unguwa a ajiye adirenalin wurin mutum guda da aka koya wa. Lokotoro, zai yiwu? Kuma da wannan ɗauke wutar, ba zai lalace ba?

Lokotoron Dabbobi: Zai yiwu, amma a hannun wanda aka horar, domin da nauyin dabba ake auna shi kuma idan ya yi yawa yana taɓa zuciya. Haske da zafi ne abokan gabansa. A bar shi cikin kwalinsa, a wuri mafi sanyi a ɗaki, kar a daskarar da shi, kar kuma a bar shi a akwatin babur yana shan rana. Ruwansa garau yake, idan ya koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa a jefar. Wanda ke so ya koya ya same ni ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da littafin da zai riƙa rubuta wace dabba aka yi wa me da kuma ranar, don wadda ta taɓa yin ko ƙaramin rudu-rudu da wani magani ba a sake yi mata shi.

Mai Allura na Dakoro: Mu na nesa fa? Asabar ba za ta yi mini ba, ina zagaye a rugage.

Shugaban Zaure: Ka turo lambarka ta gefe, a sa muku wata ranar ku da ƴan Mayahi.